Taku Tara Tsakanin Salga da Rijiyar Baba

Kwana uku ke nan injin haƙa burtsatse yana ruri a gidan da ke jikin namu a nan Unguwar Dosa. Ya hana ni barcin rana, ya hana ni jin rediyo, har kofin shayi sai da na ga yana rawa a kan tebur. Jiya da la'asar na gaji, na ɗauki sandata na fita in ga abin da ake yi. Mai gidan yaro ne mai ladabi, ma'aikacin gwamnati, an ce har ƙasar waje ya je karatu. Ya rusuna ya gaishe ni, ya shiga nuna mini inda ake haƙar. Ni kuwa idona yana kan murfin sokawensa, wanda in ka tofa yawu daga can zai iya faɗowa inda ake haƙar. Na ce masa, "Ɗana, wannan ai ta yi kusa da masai." Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ba irin rijiyarku ta da ba ce, zurfi gare ta. Kuma mu a gida ruwan gora muke sha. Famfo uku zan fitar ta bango saboda mutanen unguwa, sadaka ce ga mahaifina." Na tsaya ina kallonsa. Na so in zage shi, wallahi na so. Abin da ya riƙe bakina shi ne na san maganar nan, na san daɗinta a baki, don ni ma na taɓa yin irinta, kuma tawa ta fi tasa muni.

A Unguwar Shanu na tashi, lokacin da mutum zai tsaya a ƙofar gidanmu ya hangi fili da itatuwan mangwaro, ba yanzu da gida ya hau kan gida har iska sai ta yi sallama kafin ta shiga lungu ba. Ba mu da agogo, ba ma bukatarsa. Kiran assalatu ne farko, sai begilar sojoji daga bariki, sai kuma ƙarar da na fi kewa duk cikinsu, faɗawar guga cikin rijiya. Tim, sai shiru kaɗan, sai igiya ta fara gurzar itacen da aka gicciye a baki, wanda shekaru suka yi masa zane-zane masu zurfi har yatsa yana shigewa. Daga kwance kana iya gane wanda ke jan ruwa. In Inna ce, ja uku take yi ta huta tana salati. In ƙannena ne, sai ka ji rabin ruwan ya koma ciki. Kafin hantsi an cika randuna biyu da ke gindin bishiyar lemo, an rufe su da faifai, Inna ta jefa saiwar jema a ta sha don ƙamshi. Yaran yanzu me suka sani? Sun san gwaruwar jarkoki a kurar 'yan garuwa, sun san huda leda da haƙori su zuƙe su yar a kwata, har kwatar ta toshe ta dawo musu da ruwanta tsakar gida, sannan su ce wai mu ne mutanen da ba su waye ba.

Rijiyar nan Baba ne ya haƙa ta. Tela ne a kasuwa, kuma a shekarar da ya samu filin, tun kafin ya ɗora ɗaki na biyu, ya kawo masu haƙa, ya tuɓe riga ya shiga cikinsu. Ya rasu ina makaranta. Tun daga nan Inna ta mai da rijiyar wani abu daban. Ba a zubar da ruwan wanke-wanke kusa da ita, ba a barin akuya ta leƙa, ba a faɗa a bakinta. In baƙo ya sha ya yaba, sai ta ce, "Duk gugan da aka ja a nan, haske ne a kabarin ubanku." Ta faɗa ta sake faɗa har maganar ta zauna mana kamar karatun allo. Kuma ruwan da gaske yana da daɗi, garau, mai sanyi, ba ya kashe kumfar sabulu.

Da na gama makaranta aka ɗauke ni aikin duba-gari. Yanzu in na faɗi sunan aikin nan jikokina dariya suke yi, suna zaton wani abu ne na boka. A wancan lokacin kuwa in muka shigo lungu da kakinmu mai guga, da tocila, da ludayi mai dogon hannu, da littafin sammaci a hammata, sai unguwa ta rikice. Yara su ruga gaba suna ihun "Ga duba-gari nan!", mata su hau kifar da tsofaffin gwangwanaye, wata ta ɗauki tsintsiya tana sharar inda ta share. Mu yi sallama, mai gida ya shigar da mu, mu tsoma ludayi a randa mu ɗaga a rana mu duba ko akwai tsutsar sauro. Mu leƙa bayan ɗaki, mu leƙa kwata, mu leƙa salga, wato masan rami. Ina son aikin nan, ina kuma son yadda dattawa ke tashi tsaye idan na shigo, ba zan ɓoye ba. Ogana wani tsoho ne mai furfura a kunne, wanda bai taɓa karɓar ko goro a gidan kowa ba in yana kan aiki. Shi ya koya mini auna tsakanin salga da rijiya da ƙafa. Ya ce, "Taku talatin, na namiji mai lafiya. In bai kai ba, kada ka ɗanɗana, kada ka shinshina, kada ka saurari mai gida. Abin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ba ya nuna kansa a kofi."

A shekarar da zan yi aure tsohuwar salgar gidanmu ta cika. Wuri biyu ya rage a gidan da ba a gina ba: kusurwar can ƙarshe ta jikin katangar baya, da wani ɗan lungu a gefen rijiya. Kusurwar baya kuwa na riga na sa mata ido, nan nake so in yi ɗakin amarya, ciki da falo, nesa da hayaniyar ƙannena. Sai na tsaya da kaina na nuna wa masu haƙa lungun. Babbansu, wani mutum mai tsagar fuska wanda bai taɓa zama a aji ba, ya dafa magirbinsa ya dube ni ya ce, "Malam, ba ta yi kusa da ruwa ba?" Na ce masa, "Ni da kai wa ya yi karatun abin nan?" Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ya tofa yawu a tafinsa ya fara sara. Har yau in na tuna muryar da na yi masa magana da ita sai in ji kunya ta kama ni har wuya.

Aka yi aure, aka haifa mini 'ya. Tana da kamar shekara uku aiki ya kawo mu unguwarmu, ni da Oga. Bayan gidanmu akwai wata mata mai ƙuli-ƙuli, ta girme ni da 'yan shekaru, Yaya muke ce mata. Mijinta mai facin keke ne, mutum marar magana. Autarsu Talatu tsarar 'yata ce, tare suke wasan tuwon ƙasa, in ka ga ɗaya ka ga ɗaya. Da muka shiga gidansu Oga ya dubi rijiyarsu, ya dubi salgarsu, ya ce da ni, "Unguwarku ce, auna." Na gyara wando na taka. Sha bakwai.

Yaya ta saki muciya ta taso. "Haba ƙanena, rijiyar nan tun ina amarya muke shanta. Ka duba ka gani, garau take. Ba ta sauya launi ba, ba ta sauya ɗanɗano ba, ba ta wari. Malamai ma sun ce irin wannan ruwan tsarkakakke ne."

Ai kuwa sai na gyara tsayuwa, ga Oga yana ji. Na ce, "Yaya, maganar malamai gaskiya ce, amma maganar alwala suke yi. Ruwa zai iya halatta a yi salla da shi, ya kuma kashe yaro in ya sha. Akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani." Na yi bayani mai kyau, har Oga yana gyaɗa kai. Na rubuta takarda, na ba su kwana bakwai. Kafin sati ya zagayo mijinta ya cike rijiyar da ƙasa da baraguzai, shi kaɗai, bayan ya tashi daga faci.

Daga gidansu muka biyo ta namu. A aikinmu akwai wata al'ada da ba a rubuta ba: gidan duba-gari ba a dubawa, a zaure ake tsayawa a gaisa. Inna ta aiko da fura a ƙwarya, damammiya da ruwan randa mai ƙamshin jema. Oga ya sha, ya ƙara, ya ce rabon da ya sha ruwa mai daɗin wannan tun yana ƙauye. Da yamma Inna ta ji abin da ya faru da Yaya, ta ɗauki mayafi ta zagaya da kanta ta ce mata, "Ke da ruwa ba kya yi kuka ba ina raye. Ki zo ki ɗiba, ke da duk wanda ke ɗiba a wajenki." Gida uku ke sha a rijiyar Yaya. Washegari gida ukun nan suka dawo tamu, da tuluna da bokitai, kowa ya ja ya ce Allah ya jiƙan Baba. Inna tana zaune a kan tabarma tana amsawa, fuskarta kamar ranar salla.

A safiyar nan ce na fito daga salga da buta zan cika a rijiya. Ban yi niyyar ƙirgawa ba, Allah ya sani. Amma ƙafar da ta saba aiki ba ta tambayar izini. Ɗaya, biyu, uku, na isa bakin rijiya a na tara. Na tsaya da buta a hannu, ga matan maƙwabta suna gaishe ni, ga Talatu tana riƙe da zanin uwarta. Na rufe rijiya mai sha bakwai, na turo mutane zuwa mai tara. Na san haka a wannan lokacin sarai, kamar yadda na san sunana. To me na yi? Daga ranar na daina bin hanyar kai tsaye. In na fito daga salga sai in zagaya ta bayan madafi, in bi ta gindin lemo, sannan in zo rijiya. Ta nan kuwa taku ya fi ashirin.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan hali ba zai ce ƙarya nake yi wa mutane. Da ma ƙarya ce da ta fi sauƙi, don maƙaryaci ya san inda ya ajiye gaskiyarsa. Ni da gaske na yarda da abu biyun duka. Da safe a bakin aiki na yarda da taku talatin, ina rufe rijiyoyin mutane a kai, zuciyata ɗaya. Da yamma in na dawo sai in tuɓe kaki in rataye a ƙusa, abin da na sani ya zauna a aljihunsa, in fito da riga 'yar shara in yarda da rijiyar Baba. In abu biyun suka so haɗuwa a kaina, sai nan da nan dalili ya zo ya raba su. Dalilai kuwa ba su taɓa yi mini rowa ba. Na ce gangaren gidanmu baya yake yi, ba wajen rijiya ba, alhali ko yaro ya ga inda ruwan sama ke bi. Na ce ƙasarmu marmara ce, tana tacewa. Na ce Baba ya yi mata zurfin da babu irinsa a unguwar. Na ce Turawan da suka yanka taku talatin ƙasarsu daban, tamu daban. Na ce ai Oga da kansa ya sha ya yaba, mutumin da ya ce kada a ɗanɗana. Har maganar Yaya ta launi da ɗanɗano da wari, wadda na rushe a gaban jama'a, na ɗauko ta na kakkaɓe na yi amfani da ita. Kowane dalili shi kaɗai ba zai riƙe kaza ba, amma in na jera su sai in samu barci.

Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne hannuna bai yarda da bakina ba. A ofis akwai wata farar hoda mai warin asibiti da muke zuba wa rijiyoyin da ake zargi. Na fara ƙunso ta a takarda, duk Juma'a da sassafe kafin mata su fito in barbaɗa a tamu, in ce wa kaina ƙarin tsafta ne kawai. Inna ta ce ruwan ya fara wani ɗanɗano, na ce damina ce. Ni kaina na rage shan ruwa a gida, sai na je ofis in cika cikina a famfo, in ce ƙishirwa ce ba ta kama ni da yamma. Sannan na ce da matata ta riƙa tafasa ruwan da 'yarmu za ta sha, ta ajiye a kwalba daban, wai saboda yarinyar tana da saurin mura, ruwan randa ya yi mata sanyi.

Matata ba ta yi boko mai nisa ba, amma ba a yi mata wayo. Ta yi wata biyu tana tafasawa ba ta ce komai ba. Ran nan da rana tana hura wuta da ɗanyen itace, hayaƙi ya cika mata ido, ta ɗago ta ce, "Malam, ruwan nan da nake tafasawa ai sai ya huce yarinyar nan take sha. To ina maganin murar yake?"

Na ce, "Ke dai yi abin da aka ce."

Ta ce, "Zan yi. Amma in akwai abin da ka sani game da rijiyar nan, ka faɗa. Talatu a nan take yini, ita daga randa take sha."

Na tashi da faɗa. Na ce ta raina ni, na ce tun da ta zo gidan nan take neman abin da za ta aibata, na ce rijiyar da ta raini mijinta ce yau ta zama abin tuhuma a wurinta. Har ƙofa na buga. Mutum ba ya irin wannan fushin a kan maganar banza, sai in an taɓa masa inda ke ciwo. Ta ci gaba da fifita wutarta. Daga ranar, in Talatu tana gidan, takan ba ta daga kwalbar 'yarmu a ɓoye. Amma Talatu a gidansu take kwana, kuma randar gidansu daga rijiyarmu ake cika ta.

Sau ɗaya na gwada yi wa Inna magana, kada in zalunci kaina. Na same ta tana tsince shinkafa a faifai, na durƙusa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce ko za a ɗan dakatar da ɗibar ruwan sha a rijiyar har a ga yadda damina za ta yi. Inna ba ta kiran sunana, ɗan fari ne ni. Ta ajiye faifan ta ce, "Kai yaron nan, me kake nufi? Gida huɗu ke yi wa ubanka addu'a kullum safiya. Shi ke nan abin da ya bari yana bin sa. Kai ne za ka yanke masa da hannunka?" Sai hawaye. Amsar tana bakina: ba laifin rijiya ba ne, laifin salgar da na sa aka haƙa ne, kuma gyaran shi ne in rushe ɗakina a mai da ita can, a yashe rijiyar, a bar ta ta huta. Wato in tsaya a gaban Inna da matata da Yaya da unguwa duka in ce duba-garin da ke rufe rijiyoyinku shi ya ɓata ta ubansa don yana son ciki da falo. Na ce, "A'a Inna, ba haka nake nufi ba." Na tashi ina jin sauƙi, don yanzu na samu sabon dalili mai kyan gaske, wai biyayya nake yi wa mahaifiya.

Daminar ta yi ƙarfi. Ruwan rijiya ya taso har ana iya ɗiba da gajeriyar igiya, kowa yana murna. Yara suka fara gudawa a gidajen nan, wannan ya kwanta wancan ya tashi. Aka ce ɗanyen mangwaro ne, aka ce sabon ruwa ne, ni ma na taya su cewa. Talatu ta kwanta ranar wata Laraba da zazzaɓi da amai da gudawa. Aka jiƙa mata saiwoyi, da ruwan rijiyarmu. Da abin ya ƙi aka kai ta asibiti a bayan keken ubanta, aka ƙara mata ruwa, aka ce an makara. Ranar Asabar da hantsi ina zaune a zaure ina goge takalmi na ji kukan Yaya ya tsallako katanga. 'Yata tana tsakar gida lafiyarta ƙalau, tana tambayar uwarta yaushe Talatu za ta zo wasa.

Aka ce a kawo ruwan wanka. Maza suna tsaye, ni ne mafi kusa da guga, sai na ja. Bokiti biyu na ja da hannuna na kai ƙofar ɗakin da aka shimfiɗe ta. Ruwan garau, ina ganin fuskata a ciki. Uban yarinyar, mutumin da na sa ya cike rijiyarsa, ya kama hannuna biyu ya ce, "Malam, mun gode. Rai da mutuwa kuna tare da mu." Na ce masa, "Ba komai, ai an zama ɗaya." Da na koma gida matata ta dube ni sau ɗaya, ta ɗauke kai. Mun yi shekaru masu yawa tare bayan nan har Allah ya karɓi abarsa, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba.

Kowa zai zaci a ranar na ɗauko magirbi na rushe ɗakin. Ban rushe ba. Hodar na ƙara, na koma zubawa sau biyu a sati. Na kuma samu dalilin da ya fi duk na baya ƙarfi, wanda na rayu a kansa har na yi furfura: babu wanda ya tabbatar rijiyar ce. Ba a auna ruwan ba. Yara suna mutuwa a gidajen da ke da famfo ma. Kwana ne ya ƙare. Duk gaskiya ne, kuma ni ne mutum ɗaya a unguwar da ke da ikon ɗibar ruwan nan a kwalba ya kai a auna, na kuwa tabbatar ban kai ba. Bayan damina biyu aka kawo famfon gwamnati bakin layinmu, mata suka koma can don ya fi sauƙi, rijiyar ta zama ta wanki. A ofis na riƙa ba ƙananan ma'aikata labari cewa ni har rijiyar gidanmu na hana sha da na ga ba ta cika ƙa'ida ba. Na faɗa sau da yawa har na fara tuna ranar da na yi hakan, ranar da ba a taɓa yi ba.

Yaya tana nan da rai. Tana Rigasa wajen ɗanta, ta tsufa tukuf, idon ya tafi. Bayan ƙaramar sallar da ta wuce na ji an ce jikin ya matsa mata, sai na ce in ban faɗa mata yanzu ba, sai dai a gaban Allah. Na yi wanka, na hau a-daidaita-sahu, muka yi ta kutsawa cikin cunkoso da kwatoci masu wari, ina maimaita maganar a zuciyata tun daga gida. Na tsara ta gajeriya: Yaya, rijiyarmu ta fi taku kusa da salga, na sani tun ranar farko, na tafasa wa 'yata na bar taki.

Na same ta a kan katifa a ƙasa, jikoki da tattaɓa-kunne sun kewaye ta. Da na yi sallama ta gane muryata tun kafin a faɗa mata. Ta laluba ta kama hannuna, hannunta ba nauyi ko kaɗan. Na ce, "Yaya, wata magana ce ta kawo ni, tsohuwa ce, ta zamanin rijiya."

Ta ce, "Allahu akbar, rijiya! Ku zo ku ga ƙanena. Kun gan shi nan? Lokacin da hukuma ta rufe mana rijiya, ba laifinsa ba ne, aikinsa ne, gidansu ne suka shayar da mu shekara da shekaru, ko tsinke ba su taɓa karɓa ba. Ranar da Talatuna ta rasu, shi ya ja ruwan wankanta da hannunsa, yana babban ma'aikaci." Ta ɗaga hannu sama, yaran duka suka ɗaga. "Yadda ka shayar da ni da 'ya'yana, Allah ya shayar da kai irinsa ranar da babu ruwa sai nasa."

Ɗakin ya amsa. Bakina a buɗe yake, maganar tana kan harshena, duk suna jira. Na ce amin.

Na ajiye mata ledar lemo da na kawo, na fito. Kafin a-daidaita-sahu ya fitar da ni daga Rigasa na riga na gane cewa faɗa mata zalunci ne, tsohuwa ce marar lafiya, me zai ƙara mata in ban da baƙin ciki, rufa mata na yi don tausayi. Dalilin ya zo da kansa, cif-cif da ni, ban ko neme shi ba. Ina kallonsa yana shigowa, na san ko wane ne shi, na san gidansu, kuma duk da haka kafin in sauka a ƙofar gida na yarda da shi.